Sharhi: Wa ke riƙe da mabuɗan rumbun bayanan 'yan Najeriya?

A watan Maris na 2024, kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta wallafa rahoton da ya tayar da ƙura. Ta gano cewa wani shafin intanet mai suna XpressVerify yana buɗe wa duk wanda ya biya Naira 200 bayanan da ke rataye da lambar NIN ta 'yan ƙasa, har da suna da hoto da adireshi da lambar waya. Bayan wata uku, ƙungiyar Paradigm Initiative mai fafutukar kare haƙƙin jama'a a intanet ta fallasa wani shafin, AnyVerify, wanda farashinsa bai wuce Naira 100 ba. Domin kafa hujja, ƙungiyar ta ce ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, da ta shugaban Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, Vincent Olatunji.

Hukumar NIMC, wadda ke riƙe da bayanan mutum fiye da miliyan 100, ta tsaya a kan cewa babu wanda ya yi kutse cikin rumbunta. Ita kuwa NDPC, a bincikenta na farko kan XpressVerify, ta nuna cewa mai yiwuwa wani daga cikin waɗanda aka ba izinin tantance jama'a ne ya ara wa shafin hanyar shigarsa.

Maganganun biyu ba su ci karo da juna ba, kuma a nan ne abin tsoron yake. Duk ɗan kasuwar da ya iso shago da safe ya tarar kwaɗo yana nan daram, rufi bai ɓalle ba, amma dilar atamfa ta yi ƙafa, ba ya ɓata lokaci wajen duba bango. Tambayar da yake yi ita ce: mabuɗi nawa aka yanka, kuma a hannun wa da wa suke? Wannan tambaya ce har yanzu ba a mayar da hankali a kanta yadda ya kamata ba, alhali lambar NIN ta zama sharaɗin riƙe layin waya da buɗe asusun banki da yin fasfo da rubuta jarrabawar JAMB.

Bambancin maigadi da kwaɗo

Hanya biyu ake bi wajen tsare bayanai a kwamfuta. Ta farko ita ce a ajiye su a fili, a kafa manhaja a bakin ƙofa tana tambayar suna da kalmar sirri. Wannan maigadi ne: yana aiki matuƙar an biyo ta gabansa. Wanda ya san ƙofar baya, kamar injiniyan da ke kula da na'urorin ko ɗan kwangilar da ya gina tsarin, yana iya kwashe komai ba tare da maigadin ya gan shi ba.

Hanya ta biyu ita ce a kulle bayanan su kansu da lissafi. Ana cakuɗa rubutun ta yadda zai koma tarkacen haruffa marasa ma'ana, ba ya komawa daidai sai da wata doguwar lamba da ake kira mabuɗi. Tsarin AES, wanda Amurka ta amince da shi a 2001 kuma bankunan duniya ke amfani da shi, yana da nau'in da yawan mabuɗan da za su iya yiwuwa a cikinsa ya zarce ɗaya mai sifiri 77 a bayansa. Ko da za a tara kwamfutocin duniya su yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ba za su kai ƙarshe ba.

Saboda haka ɓarayin zamani ba kasafai suke wahalar da kansu da fasa kwaɗon ba. Mabuɗin suke nema, ko mai riƙe da shi. Ingancin tsaro duka sai ya koma kan wasu tambayoyi na gudanarwa: wa ya ƙirƙiri mabuɗin, ina ake ajiye shi, ɗaki nawa yake buɗewa, yaushe ake canja shi, me ake yi idan mai shi ya bar aiki. Wannan fanni ne mai zaman kansa a ilimin tsaron kwamfuta, kuma mafi wuyarsa shi ne inda masu amfani da bayanan suke hawa-hawa.

Mabuɗai bisa matsayi

Ma'aikacin gwamnati ya san wannan tsari tun zamanin fayil ɗin takarda. Akwai rajistar fili, akwai ta sirri. Abin da Babban Sakatare ke gani ya fi na darakta, na darakta ya fi na akawu, kuma daraktan kuɗi ba shi da hurumin leƙa fayil ɗin sashen ma'aikata sai da dalili. Matsalar ita ce yadda za a mayar da wannan tsani zuwa mabuɗai. Idan ma'aikata tana da sassa 200 kowanne da nasa mabuɗin, shin shugaban zai riƙe 200 ke nan? Tarin mabuɗai a hannun mutum ɗaya nauyi ne, kuma kowanne daga ciki yana iya salwanta.

A 1983 wasu masana biyu na Jami'ar Queen's da ke Kanada, Selim Akl da Peter Taylor, suka wallafa mafitar da ta zama tushen wannan fanni. Kowane mutum mabuɗi ɗaya zai riƙe. Amma an tsara lissafin ta yadda na sama zai iya fitar da mabuɗin duk wanda ke ƙarƙashinsa daga nasa, na ƙasa kuwa ba zai iya hawa sama ba, ko da shi da takwarorinsa sun haɗa baki sun tara nasu wuri guda.

Sirrin abin wani nau'in lissafi ne mai tafiya gaba kawai. Mai gero yana iya niƙa shi ya samu gari duk lokacin da ya so, amma mai gari ba shi da hanyar mayar da shi gero. Haka ake ɗaukar mabuɗin shugaba a haɗa da sunan sashe, a zuba cikin injin lissafin, ya fitar da mabuɗin wannan sashe. Daga na sashen kuma a fitar da na ƙananan ofisoshinsa. Hanyar da Akl da Taylor suka fara kawowa tana da nauyi, domin lambobinta suna kumbura idan sassa sun yi yawa, kuma ƙara sabon sashe yana iya tilasta sake lissafin sauran. Masanan da suka biyo baya sun sauƙaƙa ta, amma ginshiƙin bai canja ba.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan rumbun shaidar ɗan ƙasa, abin da ya kamata a gani a bayyane yake. Wakilin kamfanin waya da ke rajistar layi yana buƙatar amsar eh ko a'a ne kawai, cewa wannan fuska da wannan lamba na mutum ɗaya ne. Banki yana buƙatar ƙari a kan haka. Jami'in tsaro mai takardar kotu yana iya buƙatar adireshi. Idan kuwa hanyar shiga ɗaya da aka ba ɗan kwangila tana fito da cikakken bayanin duk wanda aka rubuta lambarsa, kuma ana iya ara ta ga wani ya kafa kasuwa a kanta, to an ba yaron shago mabuɗin sito da na asusun maigida a zobe ɗaya.

Ranar canja kwaɗo

Raba mabuɗi abu ne mai sauƙi a kan karɓe shi. Mabuɗin ƙarfe ana iya cewa a dawo da shi, amma na kwamfuta lamba ce, wanda ya taɓa riƙe ta yana iya kwafe ta ba tare da an sani ba. Don haka idan darakta ya yi ritaya, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ko aka soke lasisin wani kamfani, ƙa'ida ita ce a canja mabuɗinsa da na duk waɗanda ke ƙarƙashinsa, tunda yana iya fitar da su. Gwargwadon girman matsayi, gwargwadon yawan kwaɗunan da za a sauya.

Domin rage wahalar, ƙwararru sukan kulle kowane rukunin bayanai da ƙaramin mabuɗi, sannan su kulle ƙananan mabuɗan da babba. Idan lokacin canji ya zo, akwatin mabuɗan kawai ake sake wa kwaɗo, ba sai an bi miliyoyin fayiloli ɗaya bayan ɗaya ba. Duk da haka aikin yana da haɗari, domin kuskure kaɗan yana iya rufe kowa a waje, kuma wannan tsoro ne ke sa manyan hukumomi su yi ta ɗage shi.

Abin da ya faru da kamfanin Microsoft ya isa misali. A tsakanin Mayu da Yunin 2023, wasu masu kutse da kamfanin da gwamnatin Amurka suka alaƙanta da ƙasar Sin, zargin da Sin ta musanta, sun shiga akwatunan imel na hukumomi da ƙungiyoyi 22 da mutane fiye da 500. Cikin waɗanda abin ya shafa har da Sakatariyar Kasuwanci ta lokacin, Gina Raimondo, da jakadan Amurka a Sin na lokacin, Nicholas Burns. Daga Ma'aikatar Harkokin Waje kaɗai an kwashe saƙonni kusan 60,000.

Maharan ba su saci kalmar sirrin kowa ba. Mabuɗi ɗaya suka samu, wanda kamfanin ke sa hannu da shi a kan takardun izinin shiga, sai suka riƙa buga wa kansu izini da sunan duk wanda suka ga dama. Kwamitin binciken gwamnatin Amurka da ya fitar da rahotonsa a watan Afrilun 2024 ya gano cewa an ƙirƙiri mabuɗin tun 2016, kuma kamfanin ya daina canja irin waɗannan mabuɗai a 2021 bayan wata tangarɗa da canjin ya haddasa. Ya kuma gano cewa mabuɗin na asusun masu amfani na yau da kullum ne, amma wani kuskure a manhaja ya sa yana buɗe na hukumomi. Wato an yi sakaci biyu a lokaci guda: mabuɗi ya tsufa ba a sauya shi ba, kuma ya ƙetare iyakar da aka shata masa. Ma'aikatar Harkokin Wajen ce ta fara gano ɓarnar, saboda tana da cikakken kundin da ke rubuta wanda ya buɗe kowane saƙo.

Hatsarin da ke ƙololuwa

Tsarin hawa-hawa yana da rauni na asali: duk ƙarfinsa ya taru a sama. Wanda ya samu babban mabuɗi ya samu komai. Kuma sau da yawa mai riƙe da shi a aikace injiniya ne da sunansa ba ya cikin jerin manya. Edward Snowden, wanda ya kwashe takardun sirrin Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, NSA, a 2013, ma'aikacin ɗan kwangila ne mai kula da na'urori. Bayan abin ya faru, shugaban hukumar na lokacin, Janar Keith Alexander, ya sanar da dokar mutum biyu, wato babu injiniyan da zai taɓa bayanai masu nauyi shi kaɗai. Da ɗan gari akan ci gari.

Maganin wannan rauni ya daɗe da samuwa. A 1979 masanin lissafi Adi Shamir ya nuna yadda za a tsaga mabuɗi gida-gida a raba wa mutane, ta yadda sai adadin da aka ƙayyade sun haɗu zai dawo, waɗanda ba su kai adadin ba kuwa ba za su san komai a kansa ba. Akwai kuma akwatunan ƙarfe na musamman da ake ajiye manyan mabuɗai a ciki. Mabuɗin ba ya fita daga akwatin, a ciki yake aikinsa, kuma idan aka yi yunƙurin ɓalle shi sai ya goge abin da ke cikinsa.

Hukumar ICANN, mai kula da tsarin sunayen shafukan intanet, ta haɗa waɗannan dabaru wajen tsare babban mabuɗin da ke tabbatar da ingancin adireshin shafuka. Ana ajiye shi a wurare biyu a Amurka, Culpeper a jihar Bajiniya da El Segundo a Kalifoniya. Kowane wuri yana da amintattu bakwai daga ƙasashe daban-daban, kuma sai aƙalla uku sun hallara akwatin zai yi aiki. Ana zaman sau huɗu a shekara, a gaban shaidu, ana haska shi kai-tsaye ga duk mai son kallo. An fara amfani da mabuɗin a 2010, aka canja shi ranar 11 ga Oktoban 2018. A watan Fabrairun 2020 kwaɗon ɗaya daga cikin asusan ƙarfen ya ƙi buɗuwa, aka ɗage zaman har sai da aka kira maƙerin kwaɗo ya huda shi, kuma ba a ɓoye wa duniya ba.

Darasin da ke ciki shi ne cewa lambar mabuɗin kaɗai ce sirri. Yadda ake riƙe shi, da adadin masu riƙewa, da ranar da aka sauya shi, duk abubuwa ne da ake iya bayyanawa ba tare da tsaro ya raunana ba. Bayyana su ma shi ke sa jama'a su amince.

Indiya ta riga ta bi wannan hanya

Ƙasar da labarinta ya fi kama da na Najeriya ita ce Indiya. A watan Janairun 2018 jaridar The Tribune ta ba da rahoton cewa wakiliyarta ta biya Rupi 500 ga wani dillali da ta tuntuɓa ta WhatsApp, aka ba ta suna da kalmar sirrin da ke buɗe bayanan rajistar Aadhaar mai ɗauke da mutum fiye da biliyan ɗaya. Hukumar da ke kula da rajistar ta musanta cewa an yi kutse, har ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Amma cikin 'yan kwanaki ta taƙaita hanyar shigar jami'ai kusan 5,000, ta kuma ɓullo da lambar wucin gadi mai alƙaluma 16 da mutum zai riƙa bayarwa a maimakon ta ainihi.

Najeriya ma tana da irin wannan. Tun 2022 NIMC ta ƙaddamar da lambar wucin gadi ta vNIN mai haruffa da alƙaluma 16, wadda ke mutuwa bayan awa 72 kuma kamfanin da aka fitar da ita dominsa ne kaɗai zai iya amfani da ita. A 2025 ta ƙaddamar da manhajar NINAuth domin mai lamba ya riƙa ba da izini kafin a duba bayanansa. Tunanin da ke bayan waɗannan matakai daidai ne, domin mabuɗi ne ƙarami, mai ƙofa ɗaya, mai wa'adi. Sai dai amfaninsu ya dogara da rufe tsohuwar hanya. Matuƙar ofisoshi da makarantu da masu ba da bashi suna neman a kawo kwafin takardar NIN, kuma ana barin kwafin a shagunan buga takardu, sabuwar ƙofa ba za ta hana shiga ta tsohuwa ba.

Akwai kuma ɗabi'ar aiki. Ba baƙon abu ba ne a ofis maigida ya miƙa wa na ƙasa da shi kalmar sirrinsa domin ya tafi taro, ko ma'aikata biyar su riƙa shiga da suna ɗaya. Duk ranar da aka yi haka, tsanin ya rushe, kuma kundin da ke rubuta wanda ya buɗe fayil ya zama shaidar zur, domin sunan da ke ciki ba na wanda ya buɗe ba ne. Ma'aikacin da ya ara wa wani mabuɗinsa ya sani cewa shi za a fara nema ranar da aka cusa sunan ma'aikacin bogi ko aka karkatar da kuɗi.

Ba a musun cewa tsaurarawa tana da tsada. Kowane ƙarin kwaɗo jinkiri ne ga mai jiran layi ko asusu, kuma 'yan kasuwa sun ɗanɗana yadda harkoki ke tsayawa cik duk lokacin da hanyar tantancewa ta samu matsala. Mabuɗin da ya ɓace ba tare da an tanadi hanyar dawo da shi ba yana tafiya da bayanan har abada. Amma asarar ɗaya ɓangaren ta fi muni. Wanda aka sace wa kalmar sirri yana sauya ta cikin minti ɗaya. Wanda bayanan haihuwarsa da hotonsa da adireshinsa suka shiga kasuwa ba shi da abin sauyawa, kuma da su ake karɓe layin waya, a ci bashi da sunan mutum, ko a yi rajistar layin da za a aikata laifi da shi.

Tambayoyin da suka rage

Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta wajabta wa masu riƙe da bayanan jama'a ɗaukar matakan tsaro, ta ambaci kulle bayanai da lissafi a cikinsu, ta kuma ce a sanar da NDPC cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Doka ta samu. Abin da ya rage shi ne bin diddigi, kuma wannan aiki ne na NDPC da kwamitocin Majalisar Tarayya da masu binciken kuɗin gwamnati.

Tambayoyin da ya kamata su yi wa NIMC, da duk hukumar da ke riƙe da irin wannan rumbu kamar na BVN da na albashin IPPIS da na masu zaɓe, ba sa buƙatar digiri a lissafi. Kamfanoni nawa ke da hanyar shiga, kuma me kowanne ke iya gani? Shin mai lasisi yana iya yanka wa wani mabuɗi daga nasa? Mutum nawa ne dole su haɗu kafin a taɓa babban mabuɗi, kuma 'yan kwangila suna cikinsu? Yaushe aka sauya shi na ƙarshe? Kwana nawa ake ɗauka kafin a kashe mabuɗin jami'in da ya bar aiki? Kuma shin ɗan ƙasa yana da hanyar ganin jerin waɗanda suka buɗe bayanansa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu iya magana. A wannan lamari hukuma ta ce bangonta lafiya lau yake, kuma tana iya yin gaskiya. Abin da mai shago a Kantin Kwari da akawu a sakatariya ke jiran ji shi ne lissafin mabuɗai: nawa aka raba, nawa aka soke tun bayan Maris na 2024, kuma wa aka hukunta a kan wanda ya ara.